Dawakin Da Ruwa Ya Wanke

Auta na durƙushe a tsakar falo, ta shimfiɗa farin yadi a kan tsofaffin jaridu, tana dangwala hatimin roba cikin jan fenti tana dannawa da tafin hannu. Duk inda ta ɗaga sai ga ɗan doki ya fito, ƙafafun gaba a sama, sanda ta ratsa bayansa. Furojet aka ba su a kwaleji: kowace ɗaliba ta buga zane a yadi da hannunta, ta ɗinka riga da shi, zanen kuma ya zama na filin wasa, irin mai lilo da fitilu da dawakin katako masu juyawa.

A garin neman abin zanawa ta je filin da masu wasan yawo suka kafa kayansu a bayan tasha, a can kuma ta gamu da Mai Lilo. Shi ke juya dawakin, shi ke gyara su in sun karye. Ya ga tana fama da fensir dawakin na wuce ta, sai ya kashe injin ya ce ta zana a natse. Daga zane aka koma hira, daga hira zuciya ta yi nata aikin. Shi ya sassaƙa mata hatiman da 'yar wuƙarsa, doki da tauraro da balan-balan.

Tana cikin buga layin ƙarshe Yaya ya shigo ko sallamar kirki babu. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uban gidan, kuma maƙwabta, waɗanda ba a biyansu albashi amma ba sa fashin aiki, sun riga sun kai masa rahoto. Ya tambayi wanda ya yi hatiman. Auta ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa.

Ba mugu ba ne Yaya. Yayarsu ta auri mutum mai yawon gari-gari, ya fita wata safiya bai sake waiwayo ba, ya bar ta da goyo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ya ɗauki almakashin Umma ya daddatsa hatiman, ya karɓi wayar Auta ya kira saurayin, ya buɗe murya kowa na ji. Ya ce mutumin da gidansa ke bayan mota, yau nan gobe can, ba zai ba shi ƙanwa ba, kuma kar ya ƙara nemanta.

Mai Lilo ya ce, "Na ji, Yaya. Ba zan kira ta ba, ba zan tare ta a hanya ba, sai da izininka. Amma ban fasa ba."

"Yaya, filis, ka gan shi ko sau ɗaya ne," in ji Auta cikin kuka.

"Na ga irinsa, ya ishe ni."

Daga ranar gidan ya yi sanyi. Auta na gaida kowa, tana shara, tana wanke-wanke, amma dariyarta ta ɗauke. Zuciyarta ta karye, kuma abin da ya rage mata daga hannun Mai Lilo duk duniya shi ne dawakin da ke jikin yadin nan. Malamarsu ta sha gaya musu cewa fentin yadi ba ya kamawa sai ya bushe an bi bayansa da dutsen guga mai zafi, kafin nan ko yayyafi kar ya taɓa shi. Wata safiya ta fara gugar, ta gama gefe guda mai faɗin tafin hannu, sai wuta ta ɗauke. Ta ninke yadin ta ajiye a kan keken ɗinkin Umma ta tafi makaranta.

Umma kuwa tela ce tun kafin a haifi Yaya, kuma tana da doka ɗaya da ko a mafarki ba ta karyawa: sabon yadi ba ya ganin almakashi sai ya ga ruwa, don ya gama tsukewarsa kafin a yanka. Ta ga autarta na ramewa, ta kasa tanka wa Yaya, ta kasa lallashinta da baki. Sai ta ce bari ta rage mata aiki, ko ta samu murmushi. Ta jiƙa yadin a baho da sabulu, ta koma kicin.

Da ta dawo ruwan ya zama ja.

Auta ta shigo ta tarar da yadin a igiya, ya koma wani ruwan hoda mai dabbare-dabbare, dawakin duk sun narke in ban da na gefen da ta goge. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana shafa wurin da suke a da, hawaye na sauka. Umma na zaune a bakin baho, hannuwanta jajur, tana ta faɗin ita fa gyara ta yi niyya.

"Na sani, Umma," in ji Auta, ta durƙusa ta riƙe hannuwan. "Ba komai. Daman ba rabona ba ne."

Wannan "ba komai" ɗin ya fi zagi ciwo. Umma ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar takaba.

Wata ƙawar Auta ta ajinsu ta ce mata ai abin mai sauƙi ne, ta ari waya ta kira Mai Lilo a ɓoye, ya sassaƙa mata wasu hatiman kafin masu wasan su tashi a ƙarshen wata. Auta ta riƙe wayar ƙawar, lambar na kanta kamar sunanta, sannan ta mayar. Ta ce shi ya riƙe alkawarinsa, ba ita za ta sa shi ya karya ba. Ta sayi roba ta gwada sassaƙawa da kanta. Dokin farko ya fito kamar akuya mai ciki, na biyu ya ci mata yatsa. Umma ta zauna kusa da ita tana koya mata yanka da tattara da kalmasa a kan yadin da ya ɓaci, tana ɗinki tana share ido.

Yaya na ganin duk wannan. Ya so a ce ta yi masa rashin kunya ko ya kama ta da waya, ya samu abin kafa hujja, amma sai gaisuwa da yatsa naɗe da tsumma. Ranar da ya ji motocin masu wasa sun bar gari ya shigo ya faɗa a tsaye, wai ga irinta nan, Mai Lilo ya tafi ko sallama babu. Auta ta ce Allah Ya kiyaye hanya, ta shige ɗaki. Umma ta ɗago ta dube shi.

"Ni na wanke mata yadi ban sani ba. Kai kuwa kana sane."

Maganar ta hana shi sukuni. Washegari ƙafarsa ta kai shi bayan tasha, shi kansa bai san me ya je nema ba. Filin wayam, sai zagayayyiyar shaida a ƙasa inda dawakin suka tsaya, da ledoji na yawo. Zai juya ke nan ya hangi wani saurayi a rumfar kafinta yana goge ƙafar kujera, ga wani dokin katako mai karyayyen wuya jingine a gefensa. Saurayin ya miƙe ya gaishe shi, muryar kuwa Yaya ya san ta.

"Ba ka bi su ba?"

"Ka ce gidana na bayan mota, Yaya, shi ya sa na sauka. Na kama ɗaki, maigidan nan ya ɗauke ni aiki." Ya shafa kan dokin. "Tun ina yaro nake tare da su. Wannan kaɗai suka bar mini."

"Ita ta san kana nan?"

"Wa zai gaya mata? Ai na yi maka alkawari."

Kunya ta rufe Yaya. Daga bisani ya tambaya ko wuƙar sassaƙar tana nan.

Da yamma Yaya ya ajiye ƙunshin takarda a kan keken ɗinki ya wuce kamar ba shi ba. Auta ta buɗe, ta ga doki da tauraro da balan-balan, robar har yanzu da ɗanyen yanka. Ta rungume su tana kuka tana dariya, Umma na taya ta.

Lokacin sayen sabon yadi ya ƙure, don haka a kan mai ruwan hodan nan ta sake bugawa, sai dabbare-dabbaren suka zama kamar hasken fitilu a bayan dawakin. Wannan karon Yaya ne da kansa ya aro dutsen guga na gawayi, ya tsaya yana fifita shi. Gefen nan da ya tsira daga baho ta sa shi a bakin rigar. Ba ita ta zo ta ɗaya ba ranar baje koli, wata mai zanen tanti ce ta cinye. Amma da suka fito, Mai Lilo na tsaye can nesa da ƙofa, bai matso ba sai da Yaya ya yafito shi.

"Ka zo gida ka gaida Umma," in ji shi. "Ka kuma taho da dokin nan, a gyara masa wuya."

Rigar na nan har yau, ta sha wanki ba adadi, dawakin ba su gushe ba. Umma kan nuna ta ga 'yan matan da ke zuwa koyon ɗinki, ta ce musu so ma haka yake: wanda bai sha zafi ba ruwan farko ke tafiya da shi, wanda kuwa aka yi haƙuri ya bi ta wuta, ko uwa ta jiƙa shi a baho ba ya fita.