Sharaɗin Awa Ɗaya

Ranar da ya fara ganinta, tana bayan teburin karɓar kaya a ƙaramin filin jirgin garinsu, tana auna jakunkunan fasinja. Shi kuwa daga wani ƙaramin filin aka turo shi ya gyara musu rediyon hasumiyar kula da jirage. Gyaran yini ɗaya sai da ya ci kwana uku, kuma kowa ya san ba rediyon ba ne ya ƙi gyaruwa.

Auta ake ce mata a gida, ita kuma ta laƙaba masa Injiniya. Wata shida suna musayar saƙo kafin magana ta kai gaban Baba, mahaifinta.

Baba mai gyaran agogo ne, komai nasa da ƙa'ida. Ya ce yaron ba shi da aibu, nisa ne ba ya so. Zuwa garin yaron awa goma sha ɗaya ce a mota, don hanyar sai ta zagaye duwatsu. Yayarta ma nesa ta yi aure, ranar da haihuwa ta zo mata da gardama yana hanya har aka fito da ita daga tiyata.

Injiniya ya durƙusa ya ce a jirgi minti arba'in da biyar ne kacal. Baba, wanda ko tsanin jirgi bai taɓa takawa ba, ya ce zai je ya auna da kansa. In tafiyar ta wuce awa ɗaya, a bar maganar.

Ita da kanta ta auna wa Baba jaka ranar tafiyar. Jirgin ya tashi goma da minti biyar. Ta kafa wa agogon bango ido, har abokiyar aikinta ta ce ko za ta cinye shi ne.

Sha ɗaya saura kwata saƙon Injiniya ya shigo daga can filinsu: “Autata, hadari ya rufe mana fili. Suna zagaye a sama. Ki yi addu'a.”

Ta sake duban agogon. Sha ɗaya da biyar ta wuce tana kallo, ta san auren ya tafi, amma ko ta kansa ba ta bi ba. Tsoronta ɗaya, tsohon da ta sa ya hau sama saboda ita.

“Sun sauka. Baba lafiya lau. Ki yafe min, zuciyata,” ya rubuto can daga baya.

Da la'asar Baba ya kira ta. Ya ce tun da aka rufe ƙofar jirgin ya runtse ido, bai san lokacin da suka tashi ba, balle ya duba agogo. Da ya sauko, yaron ne ya riƙe shi ya zaunar. Sai shi Baba ya tambayi yaron minti nawa aka yi.

“Me ya ce, Baba?”

“Awa ɗaya da minti ashirin. Da ya ce min hamsin, da na yarda.”

Hawaye na bin fuskarta, Baba ya ci gaba.

“Wanda bai rage min minti ɗaya don ya same ki ba, in wani abu ya faru da ke ba zai ɓoye min ba. Ki gaya wa mahaifiyarki a fara shirin aure. Allah ya yi muku albarka.” Sai ya ƙara da cewa: “Kuma kada ki yankar min tikiti. Ni a mota zan dawo.”