Fuskar Auta a Bangon Tasha

Auta tana zaune a falo da jan biro a hannu tana duba aikin ɗalibanta, sai ga mijinta ya shigo da sallama, wandonsa duk ɗigon fenti kamar jikin zabuwa. Dogo ake ce masa tun yana makaranta, sunan kuma ya biyo shi har gidan aure. Sana'arsa zane a bango. Ya yi wa makarantu, ya yi wa asibitin yara, ya yi wa masu shaguna, amma bai taɓa samun bango irin wanda wata ƙungiyar ƙawata gari ta ba shi a wannan karon ba: gefen wani tsohon sito mai tsawo, wanda yake kallon tashar mota.

"Na gama," in ji shi. "Gobe za a sauke tamfol ɗin da ya rufe aikin. In kin tashi daga makaranta ki biyo ta tasha."

"Har yanzu dai ba za ka faɗa min abin da ka zana ba?"

"Gani ya kori ji."

"To, na ji. Amma ka cire wandon nan kafin ka zauna min a kujera."

Auren so suka yi. Da farko Baba, mahaifin Auta, ya ja ƙafa, yana cewa bai gane sana'ar da mutum zai wuni a maƙale a bangon mutane ba. Da ya ga yaron yana da ladabi, 'yarsa kuma ta kafe, sai ya sa albarka. Yayanta ne kawai, wanda yake da shagon kayan gyaran mota a bakin tasha, bai taɓa sakin fuska da Dogo ba.

Washegari Auta ta sauka daga bas, ta ɗaga kai, sai ta yi arba da kanta. Mace ce aka zana tana ba shuka ruwa tana dariya, fuskarta kaɗai ta fi ƙofar ɗaki girma. Ga wushiryar Auta, ga ɗan tabon da ke girarta ta hagu, har yadda take karkatar da kai in abu ya ba ta dariya. Zanen ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Mutane sun tsaya suna ɗauka da waya.

Wani kwandasta ya dube ta, ya dubi bangon, ya sake dubanta.

"Kai jama'a, ga ta nan da ranta!"

Kawuna suka juyo. Auta ta ja gyale ta rufe rabin fuskarta, ta faɗa motar da ta fi kusa ba tare da ta tambayi inda za ta ba.

Da Dogo ya dawo gida, bakinsa har kunne, ya same ta a kicin tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

"Kin gani?"

"Na gani. Ya yi kyau." Ta rufe famfo. "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Kyauta ce fa, Auta. Ana tambayar mutum kafin a yi masa kyauta?"

"In kyautar za a rataye ta a tasha, ana tambaya."

Ya yi dariya, ya ce kunya ce kawai irin tata, kwana biyu za ta saba. Ya nuna mata wayarsa, yadda ake ta yaɗa hoton ana yaba masa, har wasu daga wani gari sun fara nemansa. Ta kalla, ta ce Allah Ya ƙara ɗaukaka, ta bar maganar.

Ba ta saba ba. Yara a aji suna ɗaga hannu su ce, "Malama, mun gan ki a bango." Wannan da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne sunan da 'yan tasha suka raɗa wa hoton: Amaryar Tasha. Direbobi suna yi wa matar bangon hon in za su fita, kwandastoci suna rantsuwa da ita, wasu maganganun ma ba sa maimaituwa. Auta ta canza hanyar zuwa aiki. Yayanta kuwa ba shi da hanyar canzawa, a gaban shagonsa ake yin komai.

Ba a jima ba Baba ya aiko a kira su. Dogo ya zauna a ƙasa daga gefen kujerar surukinsa, Auta tana kusa da Umma, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, Gwaggo ƙanwar Baba kuma ta zo musamman don kada a ba ta labari.

"Ɗana," in ji Baba, "na ba ka 'yata ne ka ajiye a gidanka. Ban ba ka don ka kai ta tasha ba. Ka je ka goge."

"Baba, wallahi ba da wata manufa na yi ba. Aiki ne na fasaha, kuma yanzu ba nawa ba ne ni kaɗai, ƙungiya ta riga ta karɓa—"

"Fasaha," in ji Gwaggo. "Ka zana uwarka mana, in fasaha ce."

"Ya isa," in ji Baba. Ya juya ga Dogo. "Ba zan yi jayayya da kai ba. Auta za ta zauna a nan. Ranar da bango ya sake ta, sai ka zo ka ɗauki matarka."

Dogo ya dubi Auta yana jiran ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Shi a ganinsa ta goyi bayan iyayenta. Ita kuwa ta rasa wanda za ta goya wa baya, don a ranta kowannensu yana da rabin gaskiya. Ya tashi ya yi sallama ya fita.

Haka Auta ta koma ɗakinta na 'yan mata, inda yanzu aka tara tsofaffin akwatuna da keken ɗinkin Umma. Kullum ta je makaranta ta dawo. Kullum da safe takan kira mijinta a waya ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya karya, ta tuna masa inda ta ajiye abu kaza. Ba ta ce masa ya goge ba, shi ma bai ce zai goge ba. Wani lokaci yakan ce, "Kin san in na taɓa aikin nan na kashe sunana." Sai ta ce, "Na sani." Daga nan sai ɗayansu ya ajiye waya.

Gwaggo ba ta gaji da zuwa ba.

"Ke har yanzu kiransa kike yi? Namijin da ya zaɓi bango a kanki? Ki bari a raba abin nan tun ba ku tara yara ba. Mai fenti ai ko a tsakar gida aka bar shi sai ya ɓata wuri."

"Gwaggo, ni ban zo yaji ba. Baba ne ya ce in zauna, na zauna."

"To, zauna. Haƙurin kaya sai jaki."

Umma ba mai yawan magana ba ce. Bayan Gwaggo ta tafi, sai ta ce wa Auta, "Kada ki zagi mijinki a gaban kowa, kada kuma ki ɗaga wa ubanki murya. Duk su biyun za su huce, amma abin da kika faɗa ba zai huce ba."

Wata safiya Dogo ya kira ta kafin ta kira shi. Muryarsa a dishe take. Ya ce an watsa wa zanen baƙin mai, irin wanda ake zubarwa daga injin mota, tun daga haɓar matar har ƙasa. Auta ta ajiye waya ta fito tsakar gida. Yaya ya zo gaida Umma, yana tsugune bakin famfo yana dirje baƙin mai daga farcensa da omo. Ta tsaya tana kallonsa har ya ɗago.

"Me kike kallo? In shi ba shi da kishin matarsa, ni ina da na ƙanwata."

"Yaya, ka san ƙungiyar nan za ta iya sa a kama ka?"

"Su kama."

Ya ci gaba da dirzar farcensa. Yana da mata da yara ƙanana, shagon nan kuma shi ne cinsu da shansu. Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa. In ta faɗa wa mijinta ta tona ɗan'uwanta, in ta ɓoye ta ci amanar mijinta. Ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ta tafi aiki.

Da la'asar Dogo ya yi sallama a ƙofar gida, karo na farko tun ranar da aka riƙe ta. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Umma ta ba su wuri a ƙaramin falo.

"Na san wanda ya yi," in ji shi. "Mai gadin sito ya gan shi. Shugabar ƙungiya ta tambaye ni ko ina zargin wani, na ce mata ta bar maganar a hannuna, ni zan gyara bangona. Na roƙi mai gadi ya rufa mana asiri."

Auta ta ɗago ta dube shi.

"Ba don shi na yi ba," ya ci gaba. "Da safe ina tsaye a gaban aikin, raina kamar zai fita, sai wasu 'yan tasha suka zo yi min jaje. Ba su san matata ce ba. Suna ta cewa an ɓata musu amaryarsu, ɗaya ya faɗi wata magana a kanki, sauran suka kwashe da dariya. Ni fa duk kwanakin nan yabon da ke cikin waya nake karantawa. Ban taɓa tsayawa a ƙasan bangon na saurara ba. Abin da kike ji ke nan?"

"Yaya ya fi ni ji. Ni na canza hanya."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na faɗa maka a kicin, ka ce kunya ce."

"Ki yafe min, Auta. Ina ganin don ina son ki, duk abin da na yi da fuskarki daidai ne." Ya numfasa. "Zan kankare in sake. Me kike ganin ya kamata in zana?"

"Ni kake tambaya?"

"Ke."

Ta ɗan yi tunani. "Ka bar shukar, ita ba ta yi wa kowa laifi ba. Ka mai da ita bishiya babba, matafiya a ƙarƙashinta da kayansu suna jiran mota. Tasha ce ai. Amma kowa ka ba shi fuskar da ba ta kowa ba."

Ba su san Baba yana zaune a baranda daf da taga ba. Da Dogo ya fito, Baba ya amsa gaisuwarsa. Sai bayan ya tafi ya aika aka kira Yaya.

"Ka ɓata kayan mutane, wanda ka ɓata wa kuma ya rufa maka asiri. Gobe ka rufe shago ka je ka taya shi kankare abin da ka zuba."

"Baba, a gaban 'yan tasha?"

"A gabansu ka zuba ai, ko da ba su gan ka ba."

Haka aka yi. Aka sake kafa ƙarafan hawa, aka sake rataya tamfol. Yaya yana goge mai da tsumma da kananzir, Dogo yana bi da farin fenti. Ranar farko kowa aikinsa kawai ya sa a gaba. Daga baya aka fara jin "miƙo min burushi" da "riƙe tsanin nan da kyau". Sabon zanen bai yi tashe a waya kamar na farko ba, mutanen wancan garin ma da suka nemi Dogo ba su sake kira ba. Abin ya yi masa zafi, bai ɓoye ba, amma bai ɗora wa kowa laifi ba.

Ba a jira aka gama aikin ba. Tun ranar da farin fenti ya rufe fuskar, Baba ya kira Auta.

"Haɗa kayanki. Na riƙe ki fiye da yadda ya kamata, kuma ban taɓa tambayarki abin da ke ranki ba, ni ma. Ba ki yi min tsiwa ba, ba ki kuma wulaƙanta mijinki ba. Allah Ya yi miki albarka."

Yaya ne da kansa ya kai ta a motarsa. A ƙofar gida ya sauke mata jaka, ya miƙa wa Dogo hannu, ya ce wani abu a ciki-ciki wanda ya yi kama da ban haƙuri, ya ja mota ya tafi. Auta ta shiga ta tarar gida ya koma na gwauro, tukwane a jibge, labule ɗaya a ƙasa. Ta naɗe hannun riga, ta miƙa wa mijinta tsintsiya, ya karɓa ba musu.

Shekara ta zagayo suka sami 'ya mace. Gwaggo ce ta fara zuwa ganin jaririya, ta kuma fi kowa daɗewa da ita a cinya.

Haka lamarin aure yake. So ba ya ɗauke wa mutum nauyin shawara, domin abin da kake gani kyauta ce, wataƙila wanda ka yi wa kaya ne a kansa. Wanda kuma ya tsinci kansa tsakanin masoyi da iyaye, ya kame bakinsa ya yi haƙuri. Fushi baƙo ne, zai tafi, mai haƙuri kuwa shi yake wayar gari da mutanensa duka a hannu.