Kaki a Ƙasan Allo

Wata Asabar ce da yamma, a tsakiyar zafin shekarar 1963, Wendell Tackett ya fara ganin Noreen. Ni ganau ce ba jiyau ba, domin ni ke sayar da lemo a zauren rawar da ke bakin teku a garinmu.

Zauren ya cika maƙil. Kiɗan teku ake yayi a lokacin, kiɗan da babu waƙa a cikinsa, daga jita mai amsa kuwwa kamar a cikin rijiya ake kaɗa ta, sai ganga. Gangar kuwa ita ce uwar tafiya: dum, ta-ta, dum, ta. Samari da 'yan mata suna dirka ƙafa a daɓen katako har kwalabena suna rawa a kan teburi. Wendell ne a bayan gangunan, dogo siriri, sumarsa ta koɗe irin ta waɗanda rana da gishiri suka ci.

Sai ga Noreen ta shigo, takalma a hannu, yashi har idon sawu.

Yana ɗaga kai ya gan ta, hannunsa ya ƙwace masa. Kiɗa ya kama gudu. Mai jita yana harararsa, masu rawa suna haki, shi ko a jikinsa.

Da aka tafi hutu ta zo gabansa ta riƙe ƙugu.

"Kai mai ganga, koro ka aka yi? Saura kaɗan ka karya mana ƙafafu."

"Laifinki ne," in ji shi. "Lafiya lau nake kiɗana kafin ki shigo."

"Ji min mutum! Daga shigowata?" Ta yi dariya, ta dubi sumarsa. "A ina kake hawan ruwa ne? Ban taɓa ganinka a tekunmu ba."

Nan fa ake yin ta. Wendell ɗan Bakersfield ne, can tudu nesa da teku, ɗan manoman auduga, ko a kududdufi bai iya iyo ba. Sumar nan ma ruwan lemun tsami ne ya koɗar da ita. Irinsu muna ce musu hodad, wato mai shigar masu hawan igiyar ruwa alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka allon da ake hawan da shi ba. A garinmu babu gorin da ya kai wannan zafi.

"Can arewa nake hawa," ya faɗa yana kallon sandunansa.

Baki dai shi ke yanka wuya.

Kafin wata ya zagayo soyayya ta yi nisa. Yakan maƙale mata takarda a gilashin mota, ita kuma ta cusa amsa a jakar sandunansa. A ta farkon da ta nuna min cewa ya yi:

"Nori, kin san bugu biyun nan da nake yi a tsakiyar kiɗa, ta-ta? Tun ranar da na gan ki suka daina cewa ta-ta. No-reen suke cewa. Ki saurara ranar Asabar ki ji."

Ta amsa masa:

"Mai Saurina, na saurara, na ji. Amma don Allah ka riƙa kiran sunan nawa a hankali. Jiya sai da takalmina ya tsinke."

Mahaifinta shi ne Baba Orval, gwanin sassaƙa allunan hawan ruwa, mutum mai tsadar magana. Yana da wata al'ada: in ya sassaƙa wa wani cikin iyalinsa allo, yakan yi rubutu da fensir a ƙasan allon kafin ya dalaye shi da danƙo, yadda rubutun ba zai taɓa goguwa ba. Alluna biyu kacal ya taɓa yi wa haka, na matarsa Bernadette da na Noreen. Royce, zakaran hawan ruwa na garinmu, shekara biyar yana aiki a shagon, yana harin rubutun, yana kuma harin 'yar mai shagon. Ko ɗaya bai samu ba.

Royce ne ya fara shinshino zancen. Kullum sai ya tare Wendell.

"Mutumin arewa, gobe ruwa zai yi kyau. Ka fito mu gani mana."

"Ina tattalin wuyan hannuna ne, ka san da shi nake kiɗa."

"Ko?" Royce zai ce, yana murmushin mugunta.

Ranar da Noreen ta ce iyayenta suna gayyatarsa cin abincin rana, Wendell ya ga ba zai je hannu rabbana ba. Ya samo wani tsohon allo, ya sayi kakin kyandir. Ya ji ana cewa ana shafa wa allo kaki, sai ya yi lissafinsa na ɗan tudu: ai don ya yi santsi a ruwa ne. Ya kifa allon, ya kwashe safiyar Lahadi yana dirza masa kaki a ƙasa, kaf, har yana gumi. Ya ɗaure shi a saman mota ya nufi gidan surukai yana fito.

Jama'a, ko jaririn garinmu ya san a sama ake shafa kaki, inda ƙafa ke takawa, don kada mutum ya zame.

An shimfiɗa teburi a tsakar gida, gasasshen kifi da masara, Royce ma yana nan. Baba Orval ya fito tarbar baƙo, amma bai ko dubi baƙon ba, allon ya nufa. Ya shafa samansa, sumul. Ya shafa ƙasansa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Bernadette," ya kira, "zo ki ga ikon Allah."

Royce ya leƙo, ya tuntsire da dariya har yana dukan mota. "Hodad! Ban faɗa muku ba? Haka ake yi a arewan, malam?"

Noreen ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon masara a hannu.

"Wendell, ka taɓa shiga teku?"

"Ban taɓa ba, Nori. Ko iyo ban iya ba."

"To ina ruwana da iyonka? Na ce maka kifi nake nema? Wata uku kana kallon tsabar idona kana..." Ta juya ciki da gudu.

Baba Orval ya goge hannunsa a wando. "Samari, rashin iyawa ba laifi ba ne. Amma ba na ba da 'yata ga mutumin da ban san samansa da ƙasansa ba. Ka gaida gida."

Washegari Wendell ya tarar da takarda a jakarsa:

"Wendell, mai ganga na gani na so. Shi kuma bai yarda ya ishe ni ba, sai da ya ari wani mutum ya ɗora a kai. Kada ka ƙara rubuto min."

Wallahi ya ba ni tausayi. Asabar ɗin nan ya yi kiɗa kamar mai dakan da ba a biya shi da godiya ba. Ana gama kiɗan farko sai ya miƙe, ya karɓi abin magana daga hannun mai jita.

"Jama'a, ni hodad ne. Ɗan Bakersfield ne ni, sumar nan lemun tsami ce. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu, mu ci gaba da kiɗa."

Aka yi dariyar kuwa, har da tafi. Noreen dai ba ta zo ba, amma na tabbatar labari ya isa kunnenta kafin ta karya kumallo.

Ranar Litinin da sassafe Baba Orval ya sauko bakin ruwa da allonsa, ya tarar da mutum tsaye da gajeren wando yana kaɗuwar sanyi.

"Baba, ka koya min."

"Ba zai sa in ba ka ita ba."

"Na sani. Ƙaryar nake so in mayar gaskiya."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "To shigo. Teku ba ta karɓar labari."

Ya sha ruwan gishiri, bawan Allah! Sati uku yana koyon iyo a inda yara ke wasa, Royce yana wucewa yana ɗaga masa hannu. Da suka fara fita da allo, duk igiyar da ta taso sai ya zabura.

"Ina za ka?" in ji Baba Orval. "Zauna. Ruwa jeri-jeri yake zuwa, ka bar na farko ya wuce, ka bar na biyu. Kai da kake makaɗi, ba ka iya ƙirga ba? Gaggawar nan ita ta sa ka yi ƙarya. Ka kasa jira a so ka yadda kake."

Maganar ta shige Wendell.

Wata safiya suna zaune a kan alluna suna jira, tsohon ya yi gyaran murya, bai dube shi ba.

"Wannan dum-dum ɗin naka, ana koya wa tsoho? Shekara ashirin da shida Bernadette tana roƙona in yi rawa da ita. Ƙafafuna ba sa jin kiɗa."

"Ana koya, Baba."

"In ka faɗa wa wani, a nan zan nutsar da kai."

Daga ranar, bayan darasin ruwa sai a koma bayan shago. Wendell yana buga bokiti, Baba Orval yana dirka ƙafa cikin ƙurar katako. Ɗaya a ruwa, ɗaya a rawa, dukansu biyu babu na zaɓe.

Abin da Wendell bai sani ba, kullum Noreen tana kan gadar da ta miƙa cikin teku, ta ɓuya a bayan masu kamun kifi tana ƙirga faɗuwarsa. Ranar da ya fara miƙewa a kan allo tana nan. Tsayuwar ba ta wuce dum, ta-ta, dum, ta ba, ya rikito. Ihun da ta ƙwalla sai da tsuntsaye suka tashi.

Asabar mai zuwa ta shigo zaure, takalma a hannu kamar ranar farko. Ya gan ta sarai. Na zuba wa kwalabena ido ina jiran su fara gudu, amma kiɗan bai ko gezau ba, daram har ƙarshe.

Ta zo ta tsaya a gabansa. "Yau ba ka yi sauri ba. Ka daina sona ke nan?"

"Jira na koya, Nori. Ko shekara nawa ne."

"Sau ɗari da goma sha huɗu ka faɗi, na ƙirga."

"Ashe kina kallo?"

"Wa zai bar wannan abin dariya ya wuce shi?" Sai hawaye. "Ɗan Tuduna, kada ka ƙara yi min ƙarya."

"Har abada."

Saura Baba Orval. Da Wendell ya je neman izini, tsohon bai ce eh ba, bai ce a'a ba. "Ku sa rana," kawai ya ce, ya ci gaba da fiƙe katakonsa. Wannan ya tsaya wa Wendell a rai: an ba shi ne, ko dai an haƙura da shi?

An ɗaura aure a cocinmu cikin watan Mayu, aka wuce zaure aka yi biki da rana tsaka. Royce ma ya zo, har ya taya ɗaukar ganguna. Ango da kwat ɗinsa ya zauna ya ɗauki sanduna. Yana sakin kiɗa sai ga Baba Orval ya miƙe, ya je gaban matarsa ya miƙa mata hannu. Bernadette ta dafe ƙirji.

"Orval, lafiyarka kuwa?"

"Tashi, mata, kafin in manta ƙirgan."

Ya yi rawar, leɓensa yana motsi yana ƙirgawa, ita kuma tana kuka tana dariya. Zauren kamar zai tsage.

Da kiɗa ya tsaya, tsohon ya fita ya dawo da sabon allo, dogo, yana ƙyalli. Ya jingina shi a gaban ango, ya ɗora masa curin kaki a hannu.

"To, bismillah. Wane gefe?"

Aka kwashe da dariya. Wendell ya kai hannu zai nuna sama, Baba Orval ya ce, "Juya shi tukuna, ka tabbatar."

Ya juya allon. Can tsakiya, a ƙarƙashin danƙo, ga rubutun fensir da hannun tsohon. Wendell ya sa yatsa yana bin rubutun. Noreen ce ta matso ta riƙe hannunsa, ta karanta wa jama'a:

"Nan ne ƙasa, ɗana."

Allah ya albarkaci wannan aure, ya ba su zuriya masu jin kiɗa da jin ruwa. Wendell dai har ya tsufa bai zama gwanin hawa ba, amma duk safiyar Allah yana fita da allon nan, kuma kafin ya shafa kaki sai ya juya shi ya karanta.