Jirgin da Bai Saki Zanen Uwarsa Ba

A can wani zamani, aka kawo wa wani gari jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, irinsa na farko. Ba gawayi, ba hayaƙi. Sai wani hannun ƙarfe a kan rufinsa, wanda yake miƙewa ya riƙe wayar da aka ja a sama. Ta nan yake samun wuta.

Direbansa mutum ne mai son a yaba masa. Amma kullum ya tsaya a tasha, sai wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta ce, "Sannu, direba! Ƙaton jirgi haka, har yau bai saki zanen uwarsa ba?" Mutane su kwashe da dariya. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Ran nan abin ya ishe shi. Ranar kasuwa ce, jirgi ya cika da mutane da kwandunan tumatir, tsohuwar ma ta shiga. Direba ya ce, "Yau za ku gani!" Suna fara hawan tudu, ya ja igiyar da ke sauke hannun ƙarfen, hannun ya saki waya.

Jirgi ya ɗan taɓa tafiya, ya tsaya cak, sannan ya fara silalowa da baya. Mata na salati, tumatir na gangarawa, direba na haɗa gumi.

Tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, wasa nake yi! Mayar masa da zanen!"

Ya saki igiya, hannu ya kama waya, jirgi ya haye tudu.

Tun daga ranar, in ta tsokane shi, sai ya ce, "Bai saki ba, Iya. Kuma ba zai saki ba."