Bargon Yaya Velma

Ranar da aka bugo wa Opal waya cewa yayarta Velma ta rasu, a ranar ta ji ɗan marigayiyar ya yi wa gidan adana barguna na jami'a alkawarin bargonta. Uwar su Opal ce ta harhaɗa shi da ƙyallayen tsofaffin riguna, Velma kuwa ba ta iya barci sai da shi. Opal ta je ta roƙa, aka ce ya zama na jami'a, ko taɓawa sai da safar hannu.

Wata magariba dab da rufewa ta koma ganinsa. Ɗakin sanyi ƙalau, fitila dishi-dishi. Ta tarar da wata tsohuwa ba takalmi tana shafa bargon, amma bargon ko motsi bai yi ba.

"Baiwar Allah, an hana taɓawa fa."

"Ke dai Auta, har yanzu iyayin nan?" Tsohuwar ba ta juyo ba, amma muryar Velma ce. "Sanyi nake ji. Sun rataye shi a bango, bango ne ke jin sanyi?"

Har yau kowace magariba Opal takan shimfiɗa nata bargon a kujerar da Velma ta saba zama a kai. Da safe ta tsince shi a ƙasa.