Gishiri a Tukunyar Inna

Ranar kasuwa ce, hantsi bai gama ɗagawa ba, Amarya tana tsugune a tsakar gida tana juye miya a kula. Ƙamshi ya cika gidan har waje. Mijinta Auta, makanike, yana ɗaure kulolin a bayan babur yana tsokanarta.

"Madam, a riƙa tunawa da mai gida fa. Wancan makon kwastomominki sun share komai, na tashi a tutar babu!"

"Sori yallaɓai," ta ce tana dariya. "Yau naka daban na ajiye."

Sai labulen ɗakin Inna, mahaifiyar Auta, ya ɗaga. Ta fito fuska a murtuke, ko gaisuwar Amarya ba ta amsa ba.

"Sauke kulolin nan."

"Inna, lafiya?" Auta ya tambaya.

"Lafiyar ke nan. Daga yau matarka ta gama zuwa kasuwa. Ko ta bar kasuwa, ko ta bar gidan nan, ta zaɓa!"

Tun Auta yana goye Inna take sayar da abinci a kasuwar ƙauyen. Girkinta na gado ne, daga kakarta ta karɓo shi: nama a tukunyar ƙasa da ganyen ƙamshi, a turara shi a ƙaramar wuta har ya saki ƙashi. A da, har daga ƙauyukan nesa ake zuwa cinsa. Ita ma Amarya 'yar gado ce, miyar ganye da busasshen kifi take yi irin ta kakarta, a wata 'yar rumfa bayan layin masu hatsi. A nan Auta ya fara ganinta, yana laɓaɓowa sayen abinci kada Inna ta hango shi, har abin ya kai su ga aure. Sai dai tun bara bencin Inna ya fara zama wayam, na Amarya kuwa sai an yi layi.

"Inna, don Allah ki tsaya ki ji—"

"Rufe min baki! Na karɓe ta hannu bibbiyu, ashe mai kashe min kasuwa na kawo gidana. Mutanen da suka shekara talatin suna ci a hannuna, yau su wuce ni kamar ba su san ni ba? Wannan ba girki ba ne, asiri ne!"

Maganar ta soki Amarya har cikin rai. Ta kwance igiyar da kanta, ta sauke kulolin.

"Allah ya huci zuciyarki, Inna. Na bari."

Abincin ranar maƙwabta ta rabar wa. Da ta shiga ɗaki ta kifa kai a filo ta saki kuka. Auta ya zauna gefenta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Wallahi ba zan iya ganin wannan ba. Akwai ɗakin haya kusa da gareji, gobe mu tashi."

"Mu tashi mu bar ta da wa? Kai kaɗai ne a gabanta. So kake a ce daga zuwana na raba ɗa da uwa?"

"To ke fa? Rumfar nan ita ce abin da kakarki ta bar miki!"

"Ta bar min haƙuri ma," ta ce tana share hawaye. "Filis, ka bar maganar."

Makonni suka shuɗe, Amarya tana gida, amma kasuwar Inna ba ta farfaɗo ba. Kullum tukunya takan dawo da fiye da rabi. Maimakon Inna ta sauko sai ta ƙara hawa. Ta daina cin abin da Amarya ta dafa, ta hana ta taka madafinta, kuma duk wadda ta shigo gidan sai ta ji labarin surukar da ta ɗaure mata kasuwa. Mata a bakin famfo suka fara yin shiru in Amarya ta iso. Auta ya rame, ya daina tsokana, wani lokaci ma kan ƙaramin abu sai ya daka wa matarsa tsawa, daga baya ya dawo yana ba ta haƙuri.

Wata la'asar Inna ta dawo daga kasuwa, ta dire tukunya a gaban ɗanta.

"Ka gani? Ko da tana gida aikinta yana ci. Auta, in dai ni na haife ka, ka sallami yarinyar nan kafin kasuwa mai zuwa."

"Inna!"

"Na gama magana. Ke kuma ɗauki tukunyar ki wanke."

Amarya ta kai tukunyar bakin rariya, hawaye na ɗiga a hannunta. Naman ya yi kyau a ido, ya dahu luguf, ta ji ba za ta iya zubarwa ba. Ta ɗan lakata ta kai baki. Ba shiri ta tofar! Gishiri ne zalla, har yana ƙona harshe.

Ta ja Auta gefe ta miƙa masa. Bai karɓa ba, sai ya sunkuyar da kai.

"Na sani," ya ce a hankali. "Tun bara haka nake ci, in kora da ruwa."

"Ka sani, kuma ka yi shiru?"

"Wa zai kalli Inna ya ce girkinta ya ɓaci? Amma yanzu tura ta kai bango. Zan tara 'yan uwa in faɗa, kowa ya ɗanɗana, a wanke ki."

"A'a! Ka wanke ni ka tozarta ta? Girkin nan shi ne mutuncinta a garin nan. Ka bar ni da ita."

Da safiyar kasuwar da Inna ta ɗiba, Amarya ta tsaya daga ƙofar madafi tana kallo. Inna ta ɗanɗana romo, ta yamutsa fuska, ta watsa gishiri. Ta sake ɗanɗanawa, ta sake kai hannu. Sai Amarya ta shiga ta durƙusa.

"Wa ya ba ki izinin shigowa?"

"Ba kowa, Inna. Roƙo na zo yi kafin in tafi. Ki koya min girkin nan. Ke ki riƙa zubawa, ni kuma in riƙa ɗanɗana miki."

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin kwanon gishiri. Can ta zame ta zauna a kan turmi, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza.

"Tun zazzaɓin bara," ta ce da ƙyar. "Ruwa da romo duk ɗaya ne a bakina. Na ɗauka zai wuce. Na ji tsoro, 'yar nan... Mai abinci ba harshe, me ya rage mata? Gara in ce asiri ne da in yarda na ƙare."

"Ba ki ƙare ba, Inna. Hannunki yana nan, hancinki yana nan. Ni ko shekara goma zan yi ba zan iya gane nama ya nuna daga ƙarar tukunya ba kamar ke."

"Duk abin da na yi miki, ba ki fallasa ni ba?"

"Uwa ce ke a wurina."

Suka sauke waccan tukunyar suka ɗora sabuwa, Inna ta ce Amarya ta ɗora miyar kifinta ita ma. Rana ta take kafin su isa kasuwa, Auta yana tura babur a bayansu. Mutane suka yi cirko-cirko ganin su tare a rumfa ɗaya. Wani dattijo mai sayar da igiya, wanda ya daɗe da ƙaurace wa bencin, ya matso yana jan ƙafa, don kunya ya ce a zuba masa kaɗan. Ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido.

"Kai! Yau na tuna uwata. Ƙaro min, kuma a cika!"

Kafin la'asar an kankare tukwane biyun, ta naman da ta miyar kifin. Inna ta riƙo hannun Amarya a gaban jama'a ta ɗaga murya:

"Ku shaida, na yi wa yarinyar nan ƙazafi, kuma na janye. Ban haifi mace ba, amma girkin kakata ya sami magajiya."

Auta ya juya baya yana goge ido da hannun rigarsa mai baƙin mai. Daga baya ya kai Inna asibiti, aka ɗora ta a kan magani. Ɗanɗanon bai dawo duka ba, amma ba ta ƙara kai hannu kwanon gishiri ba sai ta ce, "'Yata, zo ki ji min."

Da Amarya ta rama, ko ta bi mijinta ɗakin haya, da gidan ya watse kuma girkin gado ya bi tsohuwa kabari. Sau da yawa wanda yake cutar da kai wani ciwo yake ɓoyewa. Wanda ya yi haƙuri ya rufa wa babba asiri, Allah ba ya barin sa ya taɓe.