Ranar da Yaya Ya Daina Gardama

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma suka isa mafaɗar ruwan, suna gardama a kan ko hanyar da suka biyo ita ce mafi kusa. Gardamar ba sabuwa ba ce. Tun Likita yana aji ɗaya yayansa yake ƙaryata shi, kuma shekara hamsin ba ta rage komai ba.

Likita ba likita ba ne. Jini da fitsari yake dubawa a ɗakin gwaji na asibiti, mutane suka ƙara masa girma, shi kuwa bai ga dalilin mayar musu ba. Duk abin da ba a zuba a kwalba an liƙa masa lamba ba, bai cika yarda da shi ba. Yaya kuma tsohon direban jirgin ƙasa ne. Shekara talatin yana hango farin ruwan nan daga tagar inji, yana zubowa daga kan tsauni kamar an shanya farin zane, har ya yi alkawarin in ya yi ritaya sai ya je ya taɓa shi. Likita ne mai mota, saboda haka alkawarin ya faɗo kansa.

Kwana biyu suka yi a garin mararraba, inda hanyoyi huɗu suka haɗu a gindin duwatsu, gari rabinsa masauki rabinsa masu facin taya. Sun zaga ƙauyukan kan tudu. An nuna musu dutse mai sawun ƙafa, da wata bishiya da aka ce ba a nuna ta da yatsa. Likita ya nuna ta da yatsa biyu. Ya lura ko'ina akwai labari, kuma a ƙarshen kowane labari akwai mai talla.

Saura kogon da ke bayan ruwan.

A bakin hanyar shiga, ƙarƙashin wata rumfar kwano, wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, gabanta tsibin takalma.

"Ba a shiga da takalmi," in ji ta.

"Saboda aljanu ko, Iya?" Likita ya tambaya.

"Saboda santsi."

Amsar ta ɗan ɓata masa shiri. Ya cire nasa. Yaya ya zauna ya kwance nasa a hankali, domin na hagun ba irin na kowa ba ne. Tun haɗarin babur da ya yi ƙafar ta gajarce, sai mai gyaran takalmi ya ƙara wa na hagun ƙasa mai kaurin yatsa uku. In ba da shi ba, Yaya ɗingishi yake yi sosai.

"Ki kula min da shi, Iya. Ya fi ƙanena amfani."

Tsohuwar ta karɓa ta jefa cikin tsibin, ta sa sanda ta cakuɗa. A ƙasan tsibin Likita ya hango wasu tsofaffi da suka yi gansakuka.

"Waɗancan fa na wa ne?"

"Masu su ba su zo sun ɗauka ba tukuna."

Kayan wasan kwaikwayo, in ji Likita a ransa. Ya yaba da dabarar.

Wata 'yar siririyar hanya ce ta bi ta bayan ruwan. Ƙarar ta cika kunne, feshin yana dukan fuska kamar tsakuwa. Daga ciki sai sanyi, da warin kashin jemage, da wani ƙamshi na dutsen da bai taɓa ganin rana ba. Yaya yana gaba yana ɗingishi yana surutu, yana shafa bango. Ya sha wata kwana, haske ya daina kai masa.

Tocilar Likita ta mutu. Ya bubbuga ta a tafin hannu.

"Yaya?"

Ruwa kawai.

Tocilar ta kawo. Ga Yaya tsaye dab da shi, kusa fiye da yadda ya zata.

"To ka gani. Babu komai sai kashin jemage. Mu tafi."

"Haka ne," in ji Yaya.

Likita ya ji wani ɗan daɗi. Ya ɗauka gajiya ce ta yi masa aikin da hujja ta kasa.

A rumfa tsohuwar ba ta miƙa wa kowa komai ba. Likita ya zaro nasa ya saka. Yaya ya tsaya a kan tsibin yana kallo. Ya sunkuya ya taɓa wani baƙi, ya ɗago ya dubi fuskar Likita. Ya saki. Ya taɓa wani silifa na roba, ya sake duban fuskar Likita.

"Haba Yaya, ga naka n..."

Sandar tsohuwar ta sauka a kan hannunsa kafin yatsan ya miƙe.

"Ba a nuna wa mutum takalminsa."

Yaya ya miƙe, ya juya, ya nufi mota ba takalmi. Tsohuwar ta bi shi da ido har ya buɗe ƙofa ya zauna. Sannan ta rage murya.

"Ɗana, ba da wannan ka shiga ba."

Likita ya yi murmushi. "To, an zo wurin. Me za ki sayar min?"

"Ba ni da abin sayarwa. Kada dai ka tsallake mararraba da shi. In ya tsallake ya zama shi ke nan. Na ciki kuwa..." Ta kalli ƙasan tsibin, ba ta ƙarasa ba.

"Ba ni takalmin yayana."

"Mai shi ya zo ya ɗauka."

Ya ƙwala wa Yaya kira sau biyu. Yaya yana zaune yana kallon gaba. Likita ya yi tsaki. In mutum ba ya son takalminsa, ba shi ne zai tsaya kokawa da sa'ar uwarsa a kai ba. Ya shiga mota ya tayar. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya masa: ya rasa a wace kasuwa ake sayar da takalmin da ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Hanyar gangara ce mai kwana-kwana, minti ashirin zuwa mararraba. Rana ta karkata, inuwar tsauni tana rigan su sauka. Motar ta yi tsit. Likita bai taɓa sanin injinta yana da wannan ƙarar ba, domin bai taɓa samun damar jin ta ba.

"Ka ga dai hanyar da na biyo ita ce mafi kusa."

"Haka ne."

Warin kogon bai bar motar ba. Ƙaruwa ma yake yi. Likita ya zuge gilashi saboda sanyi, gefensa ya fara yin hazo da numfashinsa. Ya saci kallon gilashin gefen Yaya.

Tas yake.

Akwai bayani, in ji shi a ransa. Ya nemi bayanin har motar ta sha kwana sau biyu, bai samu ba.

Sai ya tuna tafiyar Yaya daga rumfa zuwa mota. Ba takalmi, a kan tsakuwa. Miƙe sambal.

Ya share maƙogwaro. "Yaya, ni fa har yau ina ganin direban jirgi ba direba ba ne. Mutumin da ko sitiyari ba shi da shi."

A kan wannan maganar Yaya ya taɓa ƙaurace masa wata guda.

"Haka ne."

Wani abu yana ɗiga. Ɗis. Ɗis. Likita ya kalli ƙasa. Ruwa ya taru a ƙarƙashin ƙafafun nan biyu, yana kai da komo duk lokacin da motar ta sha kwana.

"Kuma Inna ni ta fi so."

Kan ya juyo a hankali, idanun suna bin fuskarsa kamar mai karanta allo.

"Haka ne."

Fitilun mararraba sun bayyana a ƙasa. Ga allon hanyoyi huɗu, ga tayoyin masu faci a jingine. Bai fi jifa biyu ba.

Likita ya taka birki har motar ta yi ƙugi.

"Na manta wayata a rumfa. Mu koma."

"Mu koma."

Ya juya kan mota. Wayar tana aljihunsa, yana addu'ar kada matarsa ta tashi tunawa da shi yanzu.

Sun yi rabin hawan ke nan muryar ta fito.

"Kana gudu da yawa."

Likita ya ƙura wa hanya ido.

"Kullum sai ka manta abu. Tun kana yaro."

Muryar ta yi ɗumi. Har da 'yar shaƙewar nan ta hanci irin ta Yaya. Zuciyar Likita ta fara yi masa wasiwasi. Wataƙila gajiya ce kawai ta saki Yaya. Wataƙila shi ne sakaran da wata tsohuwa ta juya da sanda.

"Ba sai mun koma ba. Waya ce fa kawai. Juya, Auta."

Babu mai ce masa Auta a duniya sai mutum ɗaya.

Hannu ya sauka a kan nasa a kan giya. Sanyinsa ya ratsa har gwiwar hannu. Likita ya yi shekara ashirin da takwas yana kama hannun mutane yana neman jijiya. Babban yatsansa ya lalubi wuyan hannun da kansa, ba da shawara ba.

Babu bugu.

Ya ƙara wuta.

A rumfa tsohuwar ta naɗe tabarmarta, tana tsaye da takalman Yaya a hannu kamar wadda aka yi alkawari da ita.

"Rana saura kamu ɗaya ta faɗi. Kai wa na cikin kogo. Cire naka. Kada ka tsaya magana da wancan."

Ya fizge nasa ya jefa a tsibi, ya rungumi na Yaya, ya ruga. A bayansa ƙofar mota ta buɗe. Ya waiga sau ɗaya. Abin yana tahowa, yana ɗingishi.

Da ƙafar dama.

Abin ya tsaya, ya dubi ƙafafunsa. Ya sauya zuwa ta hagu.

Likita ya faɗa bayan ruwan. Duhu. Santsi. Tocila tana rawa. Ya karanto duk abin da ya zo bakinsa, ya sha kwanar nan.

Yaya yana zaune a kan wani dutse, ruwa ya kai masa idon sawu. Idanunsa a buɗe. Ba ya ƙiftawa.

"Yaya! Tashi!"

Leɓɓan suka motsa da ƙyar.

"Haka... ne."

"Auta."

Daga baya. Kusa.

"Auta, me kake yi da wannan? Ni ne yayanka. Dubi yadda yake magana. Yaushe na taɓa ce maka haka ne?"

Likita ya juya tocila. Fuska ɗaya. Furfura ɗaya. Tabon aski ɗaya a haɓa. Na tsaye yana huci, ya ɓata rai irin na gida. Na zaune kamar gunki.

A karo na farko a rayuwarsa, aka ba shi samfuri biyu bai san wanne ne na wa ba.

Ya ajiye takalman a kan dutse a tsakaninsu. Ya ɓoye hannayensa a baya. Bai kalli kowa ba.

Na tsaye ya sunkuya. Ya kai hannu. Ya tsaya. Ya ɗago yana neman fuskar Likita.

Ɗis. Ɗis.

Ƙafar na zaune ta fito daga ruwa. Ta hagu. Ta laluba, ta tarar da takalmin dama. Ta ture shi.

"Ka... juya su," in ji wata 'yar murya. "Sakarai."

Likita ya cusa masa su, ya ciccibe shi a kafaɗa.

Tocila ta mutu.

Wani abu ya cafki wuyan rigarsa. Sanyi ya zubo masa a gadon baya.

"Auta. Kada ka bar ni a nan. Auta."

Kuka yake yi. Da muryar Yaya yake yi.

Likita ya rufe ido ya yi gaba. Rigar ta yage. Gwiwarsa ta daki dutse. Ya tashi. Ruwa ya rufto musu kamar bango ya faɗi, sai ga iska, ga sararin sama ya yi ja, ga kiran sallar magariba yana tasowa daga wani ƙauye can ƙasa.

A bayan ruwan ana ta kira. Sannan ƙarar ruwan ta haɗiye shi.

Tsohuwar ba ta dubi fuskar kowa ba. Ta dubi ƙafafun Yaya. Sannan ta nuna wa Likita tsibin da haɓa, ta tsaya tana kallo har ya zaro nasa. Sai da ya ɗaure igiya ta ɗauki tabarmarta.

"Ku sauka lafiya."

Yaya bai tuna komai ba, sai dai ya zauna ya huta, ƙaninsa marar tarbiyya ya tafi ya bar shi cikin sanyi. Haka yake ba da labarin a gidan suna da gidan biki, Likita kuwa bai taɓa gyara masa ba. Sai dai tun daga ranar Yaya bai sake ce masa Auta ba. Da Likita ya tambaye shi dalili, ya ce, "Wa ke ce maka haka?"

Ruwan da ya taru a motar, Likita ya ɗebi kaɗan a kwalba ya kai ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna ruwa ne. Ya maimaita sau uku. Wurin dai bai bushe ba har wata biyu, sai ya sayar da motar, ya ce mai take sha.

Yanzu kullum bayan sallar asuba yakan kira Yaya a waya ya faɗi wata magana da ya san ba daidai ba ce, ya yi shiru yana jira. Matarsa ta daina tambaya. Ta dai san ba a zuba masa shayi sai Yaya ya gama zaginsa.